Wata Biyar a Bayan Alhaji Kabiru

Matar da ta buɗe mini ƙofa a Dagenham ba ta taɓa jin sunan mutumin da ya ba ni hayar ɗakin ba. Baturiya ce mai jiki, da kare a bayanta. Na nuna mata takardar yarjejeniya a wayata, na nuna mata hoton ɗakin, har da labulen da na fara so tun ina gida. Ta duba da kyau ta ce lallai tagar gidanta ce, amma ni ne mutum na uku da ya zo mata da wannan hoton. Ta ba ni haƙuri ta rufe ƙofarta a hankali. Na kira lambar mutumin, wanda mako biyu muna waya kullum yana ce mini ɗan'uwa, na ji ta a kashe. A nan na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa, ranar farko, ko ruwan garin ban sha ba.

Sunana Yakubu, kuma kafin wannan tafiya malamin wasannin motsa jiki ne ni a wata sakandare. Ƙauyenmu yana kudu da Malumfashi. Hausawa ne mu gaba da baya, ba mu da wani yare da muke komawa gare shi idan mun shiga ɗaki, kuma 'yan Katolika ne tun daga kan kakana. Shi kakan nawa wani Fada ne, limamin cocinmu, ya koya masa alkafura da tsallake dokin katako da hasumiyar mutane, wadda ƙarfafa suke tsayawa a ƙasa, marasa nauyi su hau kafaɗunsu. Ya koya wa babana, babana ya koya mini da bulala. Da na girma sai na so in san inda Fadan ya ɗauko abin. Shi ne na gano cewa a Turai coci-coci sun daɗe da ƙungiyoyin wasa na samarin unguwa, har na ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi uwar ƙungiya guda fiye da shekara ɗari da suka wuce. Tarihin wannan na zo karantawa a digiri na biyu. Mutanen gidanmu kuwa har yau gani suke na zo London ƙaro alkafura.

Na ja akwatina na koma tashar jirgin ƙasa na zauna a kansa. Ana ta yayyafi, rigar sanyin da na sayo a gwanjo ta nuna mini ba don wannan ƙasa aka ɗinka ta ba. Na kira Inna, don na san tun safe wayar tana hannunta. Na ce mata na sauka lafiya, ɗakin yana da kyau, har da labule. Ina kashe wayar na ji murya a bayana.

"Bawan Allah, kyan ɗakin ne ya sa kake zaune a kan akwati?"

Wani dattijo ne gajere mai furfura a gemu, ya ɗora rigar sanyi a kan kaftani. Na so in yi ta maza, amma jin Hausa a wannan wuri ya karya mini zuciya, na kwashe komai na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce an yi wa mutane da yawa haka, in kai ƙara amma kada in sa rai. Sunansa Alhaji Kabiru, mutumin Kano ne, yana aikin haɗa magani a wani asibiti, dubiya ce ta kawo shi unguwar.

"Ya sunan?"

"Yakubu."

"Daga ina?"

"Malumfashi."

"Ai kai namu ne. Ɗauko akwatin."

Tambayoyin ke nan, guda biyu, kuma duk gaskiya na faɗa masa. Daga baya na sha riƙe wannan a matsayin hujja idan zuciyata ta matsa mini, kamar wata babbar bajinta na yi.

Flat ɗinsu yana Woolwich, hawa na biyar, ana hango kogi ta tagar kicin. Matarsa, Anti Rabi, ko tambaya ba ta yi ba, ta buɗe mini ɗakin ɗansu da ya tafi karatu wani gari, ta ɗora tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ci har kunya ta fara kama ni, na ci gaba da ci. Ina cikin suɗe hannu Alhaji ya dubi agogo, ya turo mini silifa da ƙafa.

"Ga bathroom can, yi alwala mu yi Magariba kada lokaci ya fita."

Na shiga na rufe ƙofa na tsaya gaban famfo. Abin da ya kamata in faɗa bai wuce kalma uku ba. A garinmu ba wani abu ba ne, rabin dangin Inna Musulmi ne, tare muke cin naman Salla da shinkafar Kirsimeti. Amma na yi karatu a birni, na ga yadda fuska take canzawa idan Bahaushe ya ce shi Kirista ne. Wani ya ɗauka wasa kake, wani ya tambaye ka me aka ba ka. Ruwan sama yana dukan taga, ban san kowa ba a garin, ga ɗumin tuwo a cikina. Na ce a raina gobe da safe zan faɗa masa idan na huta. Alwala kuwa na iya ta tun ina yaro, a wajen 'ya'yan kawuna na gani ba tare da kowa ya koya mini ba. Na wanke hannu, na kurkure baki, na yi komai a jere, na fito na tsaya a damansa.

Wannan goben ce ta kai wata biyar.

Ban san ƙarya tana da aiki haka ba sai da na ɗauke ta. Rosarina, wato carbinmu na 'yan Katolika, na cusa a safa, na tura safar cikin takalmin gudu. Idan an ajiye abinci hannuna ya ɗauki hanyar goshi don alamar gicciye, sai in danne shi a cinya in yi kamar ƙaiƙayi nake ji. Da asuba Alhaji yakan ƙwanƙwasa sau biyu ya ce, "Ƙanena, salla." Idan muka yi sujada ni Addu'ar Ubangiji nake karantawa a zuci, ina gaya wa kaina ai Allah ɗaya ne. Na kuwa san wayo nake wa kaina. Da wannan nake nufi tsakani da Allah, da rosarina bai kwana a takalmi ba.

Ranar Lahadi nakan ce musu na tafi training. Cocin da ke kusa da gida cike yake da 'yan Najeriya, don haka nake wuce shi in tafi nesa inda ba wanda zai gane ni. A can ma ban tsira ba. Bayan Misa, wato ibadarmu ta coci, wani ɗan'uwanmu mutumin kudu ya tambaye ni jihata, na ce Katsina. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce yaushe na tuba. Na ce masa kakana ne ya karɓi baftisma, babana ma katikis ne, mai koyar da addini a coci. Ya yi dariya ya buga mini kafaɗa, ya ce lallai in zo in ba da shaida gaban jama'a yadda na tsere. Na dawo gida ina tafasa a cikin jirgi, ni da ba ni da bakin yin fushi da kowa a kan addini.

Makarantarmu tana wajen Marylebone. Malamar da ke duba aikina ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce irin waɗannan ƙungiyoyi ba su yi ƙarfi a Ingila ba, manyan takardun suna Faransa da Beljiyam da Italiya, bizata kuwa ba ta tsallaka can. Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi, na sayar da gonar gado na zo ƙasar da abin ba ya nan. Sai ta ce akwai wata 'yar ƙungiya a ƙarƙashin wani coci a yammacin London, 'yan gudun hijira daga tsakiyar Turai ne suka kafa ta, in je in nemi wata tsohuwa, Misis Vera.

Misis Vera ta haura tamanin, siririya ce, bayanta a miƙe ɗoɗar. Tana da sanda, amma nuna abu take yi da ita fiye da dogarawa. Tarihin ƙungiyar duk yana cikin gwangwanayen biskit a wani ɗan ɗaki mai warin danshi. Ta fito mini da hotunan samari birjik cikin fararen kaya, an jera su a fili kamar shukar dawa, ga Fada a gaba yana Misa kafin a fara wasa. Ta ce asalin abin ba don kofi ba ne. Samarin masana'antu ne suke tashi aiki su wuce mashaya, ko su shiga ƙungiyoyin wasa na waɗanda ba sa ga maciji da coci, shi ne Fada-Fada suka kawo ƙwallo da dokin katako cikin harabar coci. Unguwa ta haɗu da unguwa, ƙasa ta haɗu da ƙasa. Yaƙi ya zo ya tarwatsa su, suka sake haɗuwa. Masu mulki iri-iri, na dama da na hagu, sun rufe su a ƙasashensu, don kowane mai mulki yana son ya ga samari cikin riga ɗaya, tasa. Mata kuwa sai da suka yi da gaske kafin a ba su wuri. Mahaifiyarta da dogon siket ta fara, kuma sai an kulle ƙofar zauren.

Na nuna mata yadda muke hawa hasumiya a ƙauyenmu, ƙafa a ƙugu tukuna, sannan kafaɗa kusa da wuya, ba a taka tsakiyar baya. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce in sake. Na sake. Ta ce haka babanta yake koyarwa, ƙafa da ƙafa, kuma ta yi shekaru ba ta ga wanda ya yi shi daidai ba. Na tuna filin cocinmu da usur ɗin babana, kewar gida ta taso mini. Tsohuwar ta yi kamar ba ta gani ba, ta tura mini gwangwanin da ke da biskit na gaske a ciki. Daga ranar na koma Misa a cocin, ina gamawa in sauka ƙasa in taya su horar da yara. Ƙaryar training ɗina ta zama rabin gaskiya, har na ji wani sauƙi-sauƙi.

Mai kula da ginin wani dattijo ne ɗan Gana, Baba Seidu, mutumin zangon Kumasi. Ranar da na fara ganinsa na so in ɓuya, don a masallacin da Alhaji yake kai ni Juma'a nake ganinsa, kullum a sahun gaba. Shi kuwa murna ya yi, ya ɗauka neman abinci ne ya kawo ni kamar yadda ya kawo shi. Al'adar ƙungiyar ce kafin a taɓa katifar wasa kowa ya tsaya a yi alamar gicciye da gajeriyar addu'a. Makonni ina duba ƙofa kafin in ɗaga hannu. Wata Lahadi na manta, ya shigo da bokiti daidai lokacin da yatsuna suke goshi. Ya jira sai da kowa ya watse.

"Malam Yakubu, tsohuwa ya ce ka kashe wuta in ka gama." Haka Hausarsu take, mace da namiji duk ɗaya. Ya jingina tsintsiyarsa da bango. "Wanne ne naka? Na nan ko na Juma'a?"

"Na nan, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwa."

"Alhaji ya sani?"

Na girgiza kai.

"Na daɗe ina share cocin nan, ba wanda ya taɓa ce mini in yi gicciye. Ni ba zan kai magana ba, ba aikina ba ne. Amma kar ka ƙara tsayawa kusa da ni ranar Juma'a."

Mutumin kirki da ya ji wannan zai koma gida ya faɗi gaskiya. Ni komawa na yi na ƙirƙiro lacca ta ranar Juma'a da rana, na ce malamar ba ta ɗaga ƙafa. Alhaji har tausaya mini ya yi, ya ce in nemi ɗakin salla a makaranta.

A wata na huɗu muna jera hotuna da Misis Vera na ci karo da wani daban. Babban filin wasa ne, mutane sun fi na sauran hotunan yawa, amma ba Fada ba gicciye, kuma an zagaye wani ɗan kai guda da biro. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, ta ce babanta ne. Lokacin da gwamnatin ƙasarsu ta haramta ƙungiyar Katolika, an ce wa masu horarwa su shiga ta gwamnati ko su ga abin da zai biyo baya. Wasu abokansa sun ƙi, an ɗaure su. Shi ya shiga. Ya ɗinke bajen tsohuwar ƙungiyarsa a cikin shafin kwat ɗinsa, ya yi shekaru yana tsayawa a layinsu, yana gaya wa kansa ai addu'a yake a zuci idan ana ƙirga motsi. Da ya samu ya fito da iyalinsa zuwa London, abokan da suka sha ɗauri ba su juya masa baya ba, tare suka kafa wannan ƙungiya. Shi ne dai bai ƙara yarda ya shiga hoto ba har ya mutu, kullum shi ke riƙe kyamara.

"Ba na ganin laifinsa," in ji ta. "Yana da 'ya'ya uku, ga 'yan sanda a ƙofa."

Na rubuta maganar a littafina kamar ɗalibin kirki. Shi 'yan sanda ne a ƙofarsa. Ni wa ke ƙofata? Dattijon da ya ɗauko ni a kan akwati, da matar da take ajiye mini ƙanzo don sau ɗaya na ce ina so. A jirgin komawa abin duniya ya ishe ni, na rantse yau zan faɗa. Na isa gida na tarar an yi dambu, Alhaji yana ta ba da labarin wani likitan asibitinsu yana dariya. Na wanke hannu na zauna na ci.

Sai maganar auren Hadiza ta taso. 'Yar yayar Anti Rabi ce, nas ce a wani asibiti, za ta auri wani likita ɗan Zariya. Mahaifinta yana Kano, ya wakilta Alhaji ya ba da ita. A gida ɗaurin aure jama'a ce take shaida, ka cika ƙofar gida da mutane, ba wanda zai tambayi sunan kowa. A nan kuwa falo ne, kuma limamin yana da takarda mai gurbin shaidu biyu. Ranar wata Asabar muna karin kumallo Alhaji ya ajiye kofinsa.

"Na yi booking ɗin liman, Asabar mai zuwa. Yana son mutum biyu su yi signing. Na ba da sunan abokin aikina, na ba da naka."

Na ture kofin shayina gefe. Na ce, "Alhaji, ai akwai manya."

"Manya suna nan. Wata biyar ina kallonka, asuba ɗaya ba ka taɓa makara ba. Yaran yanzu sai ka yi ta bugun ƙofa. Irinka nake so a takardar yarinyar nan."

Anti Rabi ta ce daga kicin, "Har shaddar na yi maka order, kada ka ce komai."

Na ce, "To, Allah ya kai mu."

Na san hukuncin sarai, na tashi cikin Musulmi. Shaidar auren Musulmi sai Musulmi. Na yini ina lallashin kaina cewa ga ɗaki cike da mutane, su ma ai shaidu ne, sa hannuna ado ne kawai, kuma wa zai sani. Washegari Lahadi, bayan yara sun tafi, Baba Seidu ya tare ni a bakin matakala. Shi ma an gayyace shi.

"Na ji an sa sunanka."

"Baba, ba ni na nema ba."

"Salla tsakaninka da Allah ne, ku je ku ƙarata. Amma aure na yarinyan mutane ne. Za ka bari ya zauna da miji, ya haifi yara, a kan takarda da ke da ƙarya a ciki? In ba ka faɗa ba kafin Juma'a, wannan karo ni zan faɗa."

Ina da saurin fushi, kuma ya fi tashi idan ni ne marar gaskiya. Na ce masa ina ruwansa, shi da aka ɗauka shara. Maganar tana fita na so in kamo ta. Dattijon ya dube ni kawai ya ɗauki bokitinsa ya hau sama. Sai da na zo na durƙusa masa daga baya, amma wannan ranar haka na tafi da abina.

Ranar Laraba Alhaji ba ya aiki, ya ce in raka shi kasuwar Woolwich sayayyar biki. Muka bi mahauci muka ba da sautun rago, muka sayi attarugu da albasa da man gyaɗa, yana ta ciniki da Turancinsa na Kano yana ba masu kaya dariya. A hanyar dawowa muka biyo ta bakin kogi. Na ga benci, na ajiye ledojin a ƙasa.

"Alhaji, ba zan iya sa hannu a takardar nan ba."

"Batun visa ne? Wannan ta masallaci ce, ba ruwan gwamnati."

"Ni Kirista ne. Ɗan Katolika. Tun daga kakana."

Dariya ya fara yi, sai ya dubi fuskata ya daina. Ya zauna a bencin a hankali, ya cire hularsa ya riƙe ta a hannu. Wata mata ta wuce da keken jariri, jirgin ruwa ya tsallaka ya dawo, sannan Alhaji ya ɗago ya dube ni.

"Alwalar fa?"

"A wajen 'ya'yan kawuna na gani."

"Training ɗin Lahadi?"

"Coci tukuna, sannan training."

"Idan muka yi sujada me kake faɗa?"

Na gaya masa. Ya rufe ido.

"Me ya sa?"

"Tsoro na ji, Alhaji. Ana ruwa, ban san kowa ba. Na ɗauka za ka ce in fita."

"Ranar farko na yarda. Rana ta biyu fa? Wata na biyu fa?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Kana cin abincin gidana, kana kallon fuskata, kana cewa a ranka wannan mutumin da ya sani da ya jefo mini akwati ta bene. Kullum hukuncin da kake yanke mini ke nan, wata biyar, ni kuwa ina ce maka ƙanena."

Na tsaya a gabansa kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Da a tasha ka faɗa mini, ɗakin nan dai zan ba ka. Haka nake ji a raina. Amma yanzu ba yadda za a yi ka tabbatar, ni ma ba yadda zan yi in tabbatar. Ka hana ni in gwada kaina."

Ya mai da hularsa ya tashi. Na sunkuya zan ɗauki ledojin, ya riga ni, ya ɗauke duka har da jarkar man. Haka muka tafi, dattijo yana gaba da kaya niƙi-niƙi, ni ƙato ina binsa hannu biyu a sake, mutane suna kallona.

Anti Rabi ta yi kuka da ta ji. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, amma kullum zan tarar da abincina a rufe a kan tebur. Da asuba ba a ƙwanƙwasa ƙofata ba. Na farka duk da haka, jiki ya riga ya saba, na kwanta ina jin karatunsa ta bango. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ko a kan akwati a tasha. Ranar Juma'a na haɗa kayana. Ya leƙo ya ga akwatin a bakin ƙofa.

"Ba na korar baƙo. Kuma lift ya lalace, akwai kujerun da za a hawo da su gobe."

Kujera talatin na hawo da su hawa biyar, ban taɓa jin daɗin wahala haka ba. An sa Baba Seidu a gurbina. Da maza suka cika falo, limamin ya shigo yana bi yana gaisawa, har ya iso kaina ya miƙo hannu. Alhaji yana gefensa.

"Wannan Yakubu ne, a gidan nan yake zaune. Kirista ne."

Mutum biyu ko uku da suka san ni a masallaci suka sunkuyar da kai. Limamin ya kama hannuna ya ce, "Madalla, sannu da aiki." Sannan ya ce ko zan taimaka in buɗe taga, ɗakin ya yi zafi. Na buɗe tagar. Shi ke nan abin da ya faru. Da aka zo shafa Fatiha ina tsaye a ƙofar kicin, na yi wa Hadiza addu'a irin tawa, hannuna ya tafi goshi ban danne shi ba. Ba wanda ya ko dube ni. Na shige kicin na juya baya ina wanke kofunan da an riga an wanke, don kada matan su ga idona.

Na ƙara wata guda a gidan kafin Misis Vera ta samo mini ɗaki a wajen wasu 'yan cocinsu. A watan nan ba wanda ya yi mini gori. Anti Rabi ta koma yi mini magana, har takan tambaye ni ranar Lahadi ko ba zan makara ba. Alhaji yana gaishe ni, yana tambayar karatu, ya ma zauna wata rana na nuna masa hotunan samarin nan masu fararen kaya, ya ce ashe abin babba ne. Amma dariyar da yake yi da ni a da ba ta dawo ba, kuma na san ba ni da ikon nemanta.

Shi ya kai ni sabon ɗakin a motarsa. Ya taya ni shigar da akwati, ya duba tagar, ya taɓa hita ya ji tana aiki. Na rako shi bakin mota, na durƙusa a kan titi ban damu da masu wucewa ba.

"Alhaji, ka yafe mini."

"Tashi, Yakubu. Na yafe tun a bakin kogi." Ya buɗe ƙofar motar, ya tsaya da hannunsa a kanta. "Abu ɗaya ne ban san yadda zan yi da shi ba. Shekara talatin ina jan mutane salla a gidana, ban taɓa tunanin wanda ke bayana ba. Tun ranar nan, duk wanda ya tsaya, ko ɗan cikina ne, ina tayar da kabbara sai in ji ina so in waiwaya."

Ya shiga motarsa ya tafi. Na daɗe a tsaye a wurin kafin in iya hawa sama.